Kuɗin Fansa da Mai Fansa

A Hausar coci babu kalmar da ta kai "fansa" nauyi. Da ita aka yaye mu. Tun muna ajin yara na makarantar Lahadi aka koya mana cewa Almasihu Mai Fansa ne, da ransa ya saki waɗanda zunubi ya ɗaure. Muna rera kalmar a waƙa, muna jin ta a wa'azin Ista, muna rufe addu'a da ita. Shekara da shekaru tana zaune a cikin majami'a abinta. Yanzu ta fito kasuwa. A Talata Mafara da Bakura da Maradun, in ka ji mutum ya ambaci fansa a tasha ko a bakin masallaci, to lissafi yake yi: buhun shinkafa nawa, shanu nawa, wace gona za a sayar, kwana nawa ya rage kafin wa'adin da aka ba shi ta waya ya cika.

Mu 'yan tsiraru ne a wannan yanki. A cikinmu akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da makanikai da masu shagon magani, da manoman da ke aiki a gonakin da ruwan madatsar Bakolori ke shayarwa. Iyayen wasunmu daga Zuru suka zo, ko kudancin Kaduna, ko Filato. Wasunmu Hausawa ne gaba da baya. Da Hausa muke sujada, da ita muke ciniki, da ita muke kuka. Shi ya sa ba mu da wata kalma ta daban da za mu ɓuya a bayanta. Wadda muke yabon Allah da ita ranar Lahadi, ita ce wadda ɗan bindiga ke faɗa a waya ranar Litinin.

Abin da ya fito da ita ba ɓoyayye ba ne. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan matan sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 bayan 'yan kwanaki. A Agustan shekarar aka shiga Kwalejin Noma ta Bakura aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai fiye da 70 a sakandaren Kaya ta Maradun. Ranar Juma'a 6 ga Mayu 2022 aka afka wa Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe da rana tsaka. Hukumomin Bakura sun ce mutum 48 aka kashe, mafi yawansu a Damri, har da marasa lafiya da ke asibiti. A farkon Agustan 2025 aka koma Sabon Garin Damri aka kora mutum fiye da 50 cikin daji. Waɗannan ne suka kai kunnen jarida. Na mutum ɗaya da na mutum uku, na kan hanyar gona da na tsakar dare, dangi kaɗai ke riƙe da lissafinsu.

Kafin kalmar ta shiga coci ta daɗe a gaban alƙali. A zamanin Daular Usmaniyya bawa yakan yi murgu, ya yi aikin kansa yana biyan ubangidansa, yana tara abin da zai fanshi kansa. Dangin wanda aka kama a hari sukan bi sawu da wuri ko tufafi ko dabba su fanso nasu. Ko bayan zuwan Turawa abin bai yanke nan take ba. Dokar Gwamna Lugga ta 'yanta yaran da aka haifa daga Afrilun 1901, amma sai 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa, kuma a tsakanin nan kotunan alƙalai sun yi ta rubuta shari'un fansar kai. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka fassara, ya fito a 1932. Ashe lokacin da kalmar ta hau shafukansa akwai tsofaffi a garuruwa da suka san abin da aka biya a kansu. Waɗanda suka fara jin wa'azin fansa ba su nemi a yi musu sharhi ba. Daga baya ne kalmar ta huce ta zama ta waƙa, har daji ya mai do mata da zafinta.

Tambayar da ke raba kawunanmu gajera ce: a biya, ko kada a biya?

Masu cewa kada a biya suna da tausayi kamar kowa, kuma suna da hujja. A farkon 2021 Akbishop Ignatius Kaigama na Abuja ya bayyana cewa bishop-bishop ɗin Katolika na Najeriya sun tsaya a kan ba sa biyan kuɗin fansa. Dalilin a fili yake. Nairar da ta shiga daji ba ta kwana a matsayin naira. Babur take zama, ko harsashi, ko ladan mai kai rahoto daga cikin gari. Wanda ya fanshi ɗansa yau, ba da son ransa ba ya ƙara wa wanda zai ɗauke ɗan maƙwabcinsa gobe ƙarfi. Biyan kuma ba ya lamunce komai. A Yulin 2025 aka ji abin da ya sami mutanen Banga a ƙaramar hukumar Ƙaura Namoda: an tara kuɗi an kai, aka sako wasu, aka kashe fiye da 30. A ƙarshen Afrilun 2022, ƙasa da mako biyu kafin harin Damri, Majalisar Dattawa ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin aƙalla shekara 15 ga wanda ya biya masu garkuwa.

Duk da haka, Bishop Matthew Hassan Kukah na Sakkwato, wanda Zamfara ke cikin yankin aikinsa, ya faɗa a bainar jama'a cewa sun kashe sama da naira miliyan 30 wajen karɓo ma'aikatan cocinsu daga hannun masu garkuwa. Ba mu ɗauke shi mai baki biyu ba. Haka kowane gida yake a nan. Hankali na cewa kada a ba su, jini na cewa ɗanka ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ma tambayar ta same mu har cikin majami'a, ta ƙofar da ba mu zata ba. Akwai wani manomi daga ƙauyukan gefen Damri, Musulmi, da ya shekara goma yana kawo wa matanmu albasa da tumatir, sau da yawa bashi sai ƙarshen wata. A wata damina aka ɗauke matarsa da 'ya'yansa biyu. Ya sayar da abin sayarwa, 'yan'uwansa suka yi karo-karo, aka yi shela a masallacinsu, kuɗin bai kai ba. Bai roƙe mu ba. Zumuntar mata ce ta ji, ta kawo maganar gaban dattawa, tana neman a buɗe asusun da muke tarawa domin marasa lafiya da gwauraye.

Wani dattijo, tsohon hedimasta, ya miƙe. "Baba Fasto," in ji shi, "kuɗin nan na ikkilisiya ne, da sunan ikkilisiya aka tara. Wannan ɗaya. Na biyu, in mun ba da, mun sayi harsashin da za a harbe mu da shi. Ni na binne ɗalibaina. Ba zan sa hannu ba."

Shugabar zumunta, wadda kowa ke kira Mama, ba ta ɗaga murya ba. "Baba, gaskiya ka faɗa. Amma yarinyar nan ƙarama ni na riƙe ta ranar suna. In ba mu ba da ba, harsashi ba zai ƙare a daji ba. Ita ce za ta ƙare."

Fastonmu bai yanke hukunci a ranar ba. Mako uku ya ɗauka yana koyarwa a sujadar tsakiyar mako, yana ba mu labarin mutanen da Kiristocin Najeriya ke raɗa wa 'ya'yansu sunayensu, Cyprian da Ambrose da Augustine, ba tare da yawanci sun san cewa su ma sun zauna da irin wannan tambaya ba.

Wajen shekara ta 253, mahara suka kwashe mutane daga garuruwan Numidiya, a ƙasar Aljeriya ta yau. Bishop-bishop takwas na yankin suka rubuta wa Cyprian na Kartaj, kusa da birnin Tunis na yanzu. Ya tara kuɗin Rumawa da ake kira sesterti har 100,000 daga ikkilisiyarsa ya aika, tare da jerin sunayen waɗanda suka bayar, ya kuma ce in abin ya sake faruwa a sanar da shi. Bayan yaƙin Adiriyanobul na 378, da aka kama jama'a masu yawa, Ambrose na Milan ya sa aka farfasa kwanukan zinariya na majami'a aka fanshi kamammu. An zarge shi da wulaƙanta kayan Allah. Amsarsa ita ce mutanen da aka fansa su ne kayan Allah na ainihi, zinariyar coci kuma ba ta da amfani in tana cikin akwati mutum yana cikin igiya. Waɗannan malamai ba su jahilci cewa kuɗin na shiga hannun mugaye ba. Sun auna ran da ke gabansu da ɓarnar da za ta iya biyo baya, suka ga wanda ke cikin igiya yau yana da haƙƙin da ba za a jingine ba saboda lissafin gobe.

Darasi na biyu ya fi ba mu wuya, domin ya shiga cikin tauhidi kansa. In mutuwar Almasihu fansa ce, wa aka biya? Wasu malaman farko, irin su Origen na Iskandariya da Gregory na Nisa, sun koyar cewa Shaiɗan aka biya, tunda a hannunsa 'yan Adam suke. Gregory na Naziyanzus, a ƙarni na 4, ya ƙi wannan. A ganinsa abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi lada a kan fashinsa. Anselm na Kantabari ta Ingila, a littafin da ya kammala a 1098 kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum, ya ƙarasa maganar: Shaiɗan ba shi da haƙƙin mallaka a kan kowa, riƙon da ya yi wa mutum riƙon ɓarawo ne, ba a kuma bin Allah bashin komai saboda shi.

Da farko mun ɗauka wannan gardamar malamai ce da ba ta shafi Damri ba. Sai muka saurari yadda ake magana a gari. Ana cewa "an yi ciniki", "an daidaita", "sun yi rangwame". Kuɗin da ake ɗora wa ƙauye kafin a bar shi ya yi shuka ko girbi, ana kiransa "haraji". Ciniki na mai kaya ne. Haraji na hukuma ne. Duk ranar da harshenmu ya saba da waɗannan kalmomi, mun ba ɗan bindiga abin da bindigarsa ba ta iya ƙwata: yardar cewa abin da ke hannunsa nasa ne. Masanin falsafa Immanuel Kant na Jamus ya bambanta a 1785 tsakanin abin da ke da farashi, wanda ake iya musanya shi da wani, da abin da ke da mutunci, wanda ba shi da madadi. Ɗan Adam a rukuni na biyu yake. Uban da ya ƙirga kuɗi a bakin daji bai sayi 'yarsa ba, domin ba ta taɓa zama haja ba. Fashi aka yi masa sau biyu, na 'ya da na dukiya. Wanda aka yi wa fashi kuwa ba ya zama abokin tarayyar ɗan fashi don ya miƙa jakarsa.

To in ba a kan uban nauyin yake ba, a kan wa yake? Nan ne Augustine ya shigo, bishop ɗin Hippo, garin Annaba na Aljeriya a yau, wanda ya rayu daga 354 zuwa 430. A zamaninsa fataken bayi sun addabi ƙauyukan gaɓar teku, suna kai hari da dare suna kwashe mata da yara. Wata rana, ba ya gari, mutanen ikkilisiyarsa suka kuɓutar da kimanin mutum 120 da aka shirya lodawa a jirgin ruwa. Bai tsaya a yabon jarumtarsu ba. Ya rubuta wa abokinsa Alypius da ke Italiya ya kai kuka ga masu mulki, domin tsare ƙauye aikin hukuma ne. A babban littafinsa na Birnin Allah, wanda ya fara bayan an washe Rum a 410, ya kawo labarin ɗan fashin teku da aka gurfanar gaban Sarki Iskandar na Makidoniya. Sarki ya tambaye shi dalilin da yake addabar teku. Ɗan fashin ya ce aikinsu ɗaya ne, sai dai shi da ƙaramin jirgi yake yi, sarki da rundunar jirage. Abin da Augustine ya ciro daga nan shi ne adalci kaɗai ke raba mulki da gungun 'yan fashi. Hukumar da ke karɓar haraji tana bin talaka biyayya, shi kuma yana bin ta tsaron rai. In ta kasa, sannan ta juya tana barazanar ɗaure wanda ya sayar da gonarsa ya karɓo matarsa, an bar jaki ana dukan taiki.

Wannan magana mun ji irinta daga wani bakin. Akwai malamin zaure a unguwarmu da fastonmu ke gaisawa da shi kullum. Da ya ji abin da muke tattaunawa, ya ce, "Fasto, ai mu ma a rubuce yake." Faston ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a ƙara mana haske." Malam ya bayyana cewa a fiƙihun Malikiyya fansar kamamme tana da tsari: baitulmali ne farko, in babu sai dukiyar jama'ar Musulmi, daga ƙarshe ne ake waiwayar dukiyar wanda aka kama. Ya tuna mana kuma cewa 'yanta wuya na cikin wurare takwas da ake kai zakka. Sai ya girgiza kai. "Yanzu an kifar da tsarin. Daga rumbun talaka ake farawa, a can kuma ake ƙarewa."

Saura hujjar farko ta dattijonmu, cewa kuɗin na ikkilisiya ne. A kan wannan faston ya ba da labari ɗaya. Wajen 422, bayan yaƙi tsakanin Rum da Farisa, sojojin Rum suna riƙe da fursunonin Farisa kimanin 7,000, yunwa na kashe su. Akakiyus, bishop ɗin Amida, garin Diyarbakir na Turkiyya a yau, ya tara limamansa ya tuna musu cewa Allah ba ya ci ba ya sha, balle ya buƙaci akushi da moɗa. Ya narkar da kayan zinariya da azurfa na majami'a, ya fanshi mutanen, ya ciyar da su, ya ba su guzuri suka koma gida. Mutanen ƙasar abokan gaba ne, ƙasar da sarkinta ke tsananta wa Kirista a lokacin. Faston bai ƙara komai a kai ba. Kowa a wurin ya san cewa galibin waɗanda ake kashewa da waɗanda ake ɗaukewa a Damri da kewayenta Musulmi ne, kuma ɗan bindiga ba ya tambayar inda mutum ke fuskanta in zai yi addu'a. In koyarwar cewa an halicci mutum cikin kamannin Allah gaskiya ce, to ba ta tsaya a ƙofar majami'a tana duba katin baftisma ba.

Mun buɗe asusun. Abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba, amma da shi da na masallaci da na dangi aka cika. Bayan makonni matar ta dawo da yaran biyu, ƙafafunsu a kumbure, ƙaramar ba ta magana. Tsohon hedimasta bai sa hannu a takardar ba, kamar yadda ya faɗa. Shi ne kuma ya biya kuɗin maganin yarinyar daga fanshonsa. Kafin a yi girbi aka sake tare hanyar aka ɗauki wasu. Ya dube mu, muka dube shi, ba wanda ya ce uffan. Maganarsa ba ta faɗi ƙasa ba, ta Mama ma ba ta faɗi ba, kuma har yau tare suke zama a majalisar ikkilisiya.

Akwai abin da ya fi wannan ci mana rai. Fansa tana da idon da ke ganin mai dangi da mai gona. Almajirin da ba a san ubansa a gari ba, da gwauruwar da ba ta da ko akuya, da baƙon da ya zo ƙwadago daga wata jiha, in an ɗauke su wa za a kira? Karo-karo ba ya kai wa kowa. Tausayin ikkilisiya da na masallaci yana iya ciro mutum ɗaya daga rami, amma ba ya cike ramin. Shi ya sa ba mu yarda a yabe mu da haƙuri a tsaya nan ba. Haƙurin da aka koya mana a coci bai hana Augustine rubuta wasiƙa ba.

Daga Cyprian muka ɗauki al'adar rubuta suna. Sakatariyar zumunta tana da littafi mai bango baƙi. A shafin dama tana rubuta waɗanda suka bayar, domin a sa su a addu'a. A shafin hagu tana rubuta waɗanda aka ɗauke a cikin waɗanda muka sani, Kirista da Musulmi, da ranar da aka ɗauke su, da abin da aka sayar: gona, shanun huɗa, injin ban ruwa, keken ɗinki, kayan ɗakin amarya. Ba ta rubuta kalmar ciniki a ko'ina. A saman shafin ta rubuta "bashi". Duk lokacin da masu neman ƙuri'a suka zo gaishe mu, daga kowace jam'iyya, dattawa sun amince a karanta musu shafin hagu kafin a ba su wurin magana. Abin da muke nema a wurinsu bai da yawa: manomin Damri ya je gonarsa ya dawo, mara lafiya ya kwanta a asibiti ba a bi shi da bindiga ba, wanda aka kama yana kai rahoto ko yana sayar da makami ya tsaya gaban alƙali a fili, kuma kada a sake tsoratar da iyayen kamammu da kurkuku. Littafin ya kusa cika, ta riga ta sayi na biyu.